Sikawut a masallatai da Islamiyyu da coci: ya kuke gani?

Sikawut Gwale:
Assalamu alaikum iyaye da malamai da 'yan uwa na wannan zaure. Dan Allah ra'ayinku nake nema, kuma a faɗa min gaskiya ko ba za ta min daɗi ba. Duk mai harkar sikawut a garin nan ya san yara sun ragu, dalili kuwa mun jingina komai da makarantar boko, malami ɗaya ne yake riƙe da yaran, ranar da ya yi ritaya ko aka canza masa makaranta shi kenan ganga ta shiga sito ba mai sake tambaya. Alhali kowane lungu na Kano akwai inda yara suke taruwa ba sai an kira su ba, Islamiyya da masallacin unguwa, 'yan uwanmu Kirista kuma coci. Shawarata abu biyu ce. Masallaci ko Islamiyya ko coci su riƙa buɗe rundunar sikawut tasu, su ba da waje su zaɓi amintattun mutane mu kuma mu horar da su. Sannan a fito da lambar addini wadda yaro zai yi karatu ya yi aiki ya samu, a ɗinka masa a kakinsa kusa da ta taimakon gaggawa da ta ɗaurin igiya.

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam. Malam kafin a yi nisa, lambar addini kamar yaya? Wa zai bayar, ku ko malaman?

Sikawut Gwale:
Yauwa Hajiya, tambayar kenan. Ba mu za mu bayar ba. A Amurka an daɗe ana yin haka, yawancin rundunoninsu a da wuraren ibada ne suke riƙe da su, coci ko masallaci ya sa hannu a yarjejeniya duk shekara, ya ba da ɗakin taro ya amince da shugabannin. Lambobin addinin kuma ba ƙungiyar sikawut ce take rubuta darasinsu ba, kowane addini shi yake tsara nasa ya jarraba yaransa, ita ƙungiya iyakarta ta yarda a sa a jikin kaki. Musulmin can suna da kwamiti nasu, ƙananan yara suna neman lambar da ake kira Bismillah, akwai ta matasa, akwai ta manyan da suka yi wa yara hidima mai suna Allahu Akbar. Katolika suna da tasu Ad Altare Dei. Har a watan Fabrairu sukan ware Lahadi ɗaya da Juma'a ɗaya yara su je ibada da kakinsu jama'a su gan su. To in Musulmi 'yan tsiraru a can sun iya, mu a Kano me zai hana?

Ustaz Kurna:
Malam Allah ya saka da alheri da kyakkyawar niyya, amma ina da ja a wurare da dama. Asalin abin nan sojan Ingila ne ya kafa shi, kuma akwai al'adu a ciki da iyaye ba za su karɓa a harabar masallaci ba. Gaisuwa da hannun hagu, a garin da yaro in ya miƙa maka abu da hagu sai an tsawatar masa. Gajeren wando ga yaron da ya balaga cinya a waje. Zagaye wuta da daddare ana waƙe-waƙe, ni na ji dattijo da kunnena yana cewa wannan ai aikin majusawa ne. Sai babbar damuwata, ibada a ce an ba ka lamba ka maƙala a ƙirji kana yawo da ita, ina tsoron mu koya wa yara riya da hannunmu.

Sikawut Gwale:
Allah gafarta Malam, na ji daɗi da ka fito da su ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne Baden-Powell ne ya fara, ya kai yara zango a tsibirin Brownsea a 1907, abin ya iso Najeriya a 1915. Amma alkawarin da ɗan sikawut yake ɗauka farkonsa shi ne sauke haƙƙin Allah, kafin ƙasa kafin komai, mu ne muka bar wannan ɓangaren ya zama jimla ɗaya da ake karantawa a fareti a wuce. Kuma Musulmi sun daɗe da karɓar abin suka gyara shi daidai da su. Akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar sikawut Musulmi ta duniya hedikwatarta tana Jidda. Ƙasar da ta fi kowa yawan 'yan sikawut a duniya Indonesiya ce, suna ce musu Pramuka, ga 'yan mata nan da hijabinsu a ciki. Wando kuwa dogo muke sa wa yaranmu tuntuni, ba wanda ya taɓa hana mu. Wutar zango don haske da ɗumi da dafa shayi ce, in kwamitin masallaci bai natsu da ita ba a kunna fitila. Hannun hagu al'ada ce ta ƙungiya ba rukuni ba, ni a rundunar masallaci dama zan ce a daina ta.

Alhaji Kantin Kwari:
Ni shaida ne a kan na Saudiyya. Duk wanda ya yi aikin Hajji ya ga yaran nan masu kaki da ƙyalle a wuya a Mina, taswira a hannunsu, tsoho ya ɓace ya rasa tantinsa su duba abin hannunsa su riƙo shi har ƙofar tantin 'yan jiharsa, wani ma a keken guragu suke turo shi cikin wannan zafin. 'Yan sikawut ne fa. Tun da na gansu na daina yi wa abin kallon wasan yara. In irin wannan za a koya wa 'ya'yanmu wlh ina ciki.

Ɗan Agaji Fagge:
To ai Alhaji abin da ka lissafa mu muke yinsa a nan shekara da shekaru ba wanda ya ba mu lamba. Wa yake tsare sahu da hanya ranar Juma'a, wa yake filin Idi na Ƙofar Mata tun kafin rana ta fito, wa yake tafsirin azumi da sansanin alhazai da jana'iza? 'Yan agaji ne, na Fityanu da na Jama'atu da na Izala da sauransu, kowa da kakinsa da faretinsa da horonsa. Yanzu sai ku zo masallatan da muke hidima ku ce za ku buɗe wata runduna, yaran unguwa guda nawa ne? Mu faɗa wa juna gaskiya Malam, yara sun yi muku ƙaranci ne kuke neman namu.

Sikawut Gwale:
Ɗan uwa eh yara muke nema, ban ɓoye ba tun a saƙon farko. Amma ba naku ba. Ku yawancin mutanenku samari ne da magidanta, mu kuma tun daga ɗan shekara bakwai takwas muke ɗauka, lokacin da ba zai iya tsare titi ba amma zai iya koyon ɗaure rauni da karanta taswira da dafa wa kansa abinci da jagorantar yara shida 'yan uwansa. Yaron da ya yi wannan har ya kai sha bakwai in ya shigo agaji ai kun samu wanda aka gama gyarawa. Kuma ka duba tsakanin tashi daga Islamiyya zuwa Isha'i su waye suke ɗaukar mana yaran, masu sayar da ƙwaya ne da 'yan daba da masu koya musu ƙwacen waya. Da su muke takara ba da ku ba.

Ɗan Agaji Fagge:
Wannan na ƙarshen kam ba musu. Amma sai an zauna da kwamandojinmu tun farko, kar mu wayi gari mu ga wasu masu kaki a ƙofar masallaci ba mu san da su ba.

Baban Rahila:
Salama gare ku duka. Ni daga Sabon Gari nake kuma ɗana ɗan sikawut ne, bari in faɗi abin da yake raina. Mu a coci muna da Boys' Brigade da Girls' Brigade, ita ta mazan ma ta girmi sikawut don tun 1883 aka kafa ta a Glasgow, kuma ta coci ce zalla, kamar yadda agaji yake na masallaci zalla. Abin da ya sa na kai yarona sikawut duk da haka shi ne nan ne kaɗai na ga yana kwana tanti ɗaya da yaro daga Yakasai ko Gwammaja, su ci tuwo kwano ɗaya, lokacin salla ya yi ya tsare musu kaya su je su dawo. A garin da ya ga abin da ya gani a baya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsorona in kowane masallaci da kowace coci suka ja tasu rundunar, za ku samu yawa amma ku rasa wannan. Lambar addini ban ƙi ta ba, fastocinmu za su iya tsara tamu, amma dan Allah kar a raba yaran.

Maman Sadik:
Gsky maganar Baban Rahila ta taɓa ni.

Sikawut Gwale:
Baban Rahila na gode ƙwarai, kuma in za a rasa wannan to gara a bar shawarar tawa gaba ɗaya. Yadda nake gani, taron mako kowa ya yi a inda yake, amma kaki ɗaya ne, alkawari ɗaya, kuma zango da gasar fareti da aikin gayya na ƙaramar hukuma dole a haɗu. A rubuta shi a takardar yarjejeniya, duk masallaci ko cocin da ba zai bar yaransa su fita zango da sauran ba to ba sikawut yake so ba. Kuma rundunar masallaci ba za ta kori yaron maƙoci don addininsa ba, lambar addinin ce dai kowa zai nema wajen malaminsa.

Malama Tarauni:
Tun ɗazu nake karantawa. Tunda misalin Amurka aka kawo to a kawo shi cikakke, don akwai darasi biyu masu ɗaci a ciki. Cocin Mormon ta fi shekara ɗari tana tare da sikawut ɗin can, kusan duk yaro namiji a cocin sai an yi masa rajista, a ƙarshen 2019 ta janye ta kafa nata shirin, yara wajen dubu 400 suka fita lokaci guda. Wanda ya ba ka yara da yawa a dare ɗaya zai iya kwashe su a dare ɗaya. A nan in kuka jingina da ƙungiyar addini ɗaya, ranar da shugabanninta suka saɓa da ku ko suka saɓa a junansu, kun san yadda ake yi. Ku yi yarjejeniya da masallatai ɗaiɗai ta hannun kwamitinsu da mai unguwa, na ɗariƙa da na Izala da waɗanda ba ruwansu da kowa.
Na biyu ya fi muni. A 2020 ƙungiyar ta can ta je kotu ta ce ta karye saboda ƙararrakin mutane dubbai da suka ce an ci zarafinsu suna yara a hannun wasu shugabanni, da yawa kuma a rundunonin da wuraren ibada suke riƙe da su. Kasancewar abu a inuwar masallaci ko coci ba ya tsare yaro, wani lokacin ma shi yake sa iyaye su saki jiki yaro kuma ya ji tsoron faɗa. Ni uwa ce kuma malamar makaranta, ba zan ba da ɗana ba sai na ga doka a rubuce, babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya ko a ina, kowane taro manya biyu, babba ba ya kwana tantin yara, duk wanda zai shugabanci yara sai unguwa ta san shi ta shaide shi, kuma a samu mace ɗaya da namiji ɗaya da yaro zai iya kai musu ƙara ba tare da an ce ya yi wa malam ƙazafi ba.

Alhaji Kantin Kwari:
Malama Allah ya biya ki. Wannan a sa shi a shafin farko.

Ustaz Kurna:
Na gamsu da batun wando da hannu. Na riya har yanzu ban ji amsa ba, kuma ga wata, wane ne zai rubuta darasin? In ka ba malamin wani ɓangare ɗaya ɓangaren ba zai turo 'ya'yansa ba, za a fara daga lamba a ƙare a ƙabalu da sadalu da Maulidi.

Liman Ƙarami Sharaɗa:
Akaramakallahu bari in sa baki. A kan riya, muna yi wa yaro walimar sauka a rubuta masa allo da zayyana a zagaya da shi dangi, muna musabaƙa tun daga ƙaramar hukuma har ta ƙasa wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo take shiryawa tun 1986 ana ba da kyaututtuka, malamai ba su hana ba don ƙarfafa yaro ne. Inda nake tare da kai shi ne kar a ba da lamba a kan ibadar kanta. Kar a ce wane ya yi Asuba arba'in a jam'i ga lamba, ko ya yi azumin Litinin da Alhamis ga lamba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne kuma zai koya masa ƙarya ma. A bayar a kan abin da ya iya da abin da ya yi wa jama'a. Ya iya alwala da wanka da taimama daidai, ya san gyaran salla in an yi rafkanuwa, ya iya gano alƙibla a daji da rana ko da kamfas, ya san sallar matafiyi tunda zango suke zuwa, ya san yadda ake sallar jana'iza, manyansu su koyi wankan gawa da haƙa kabari don wlh unguwanni da yawa tsofaffi kaɗan ne suka rage masu yi. Sannan aiki, wankin banɗakin masallaci, yashe kwata kafin damina, gyaran maƙabarta, duba marar lafiya a asibiti, ɗebo wa tsohuwar da ba ta da kowa ruwa.
A kan wanda zai rubuta, Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi ai kusan kowa ya bi ta kansu ko wane masallaci yake salla. A tsaya a nan. Abin da aka yi saɓani a bar wa iyaye da malamin yaro. A zaunar da malamai uku huɗu daga ɓangarori su sa hannu a takarda ɗaya, in sun kasa haɗuwa a kan alwala da haƙƙin maƙoci to matsalarmu ta wuce ta sikawut.

Ustaz Kurna:
In a kan ilimi da hidima ne ba ƙirga ibada ba, na janye wannan. Amma zan so in ga takardar kafin a kai wa yara.

Abba Ɗorayi:
Slm iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni ina cikin sikawut tun ina firamare yanzu ina taimaka wa malaminmu da ƙanana. Duk abin da aka lissafa yana da kyau amma dan Allah kar a mayar da shi wani aji. Yaro ya je boko da safe ya je Islamiyya da yamma ya yi hadda da daddare, in ya zo sikawut aka sake zaunar da shi a tabarma aka ce buɗe littafi wlh sati biyu ba za ku sake ganinsa ba. Mu abin da ya riƙe mu ganga ce da fareti da hawa Dala da Goron Dutse da kafa tanti da girki a kan duwatsu uku da a ce kai ne shugaban rukuni yau. In za a koya alƙibla a koya a waje, in taimama ce a yi ta a zango inda ba ruwa da gaske. Kuma ranar da za a ba yaro lambar a yi ta bayan sallar Juma'a liman ya kira sunansa babansa yana wajen, ranar za ku ga yara nawa za su biyo mu suna tambayar yadda ake shiga.

Sikawut Gwale:
Abba Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da mu manya muke mantawa.

Maman Sadik:
To 'yan mata fa? Duk maganar nan maza nake ji, alhali Islamiyyun garin nan mata sun fi cika su. Ni ina da biyu a gida da suka fi yayansu son irin wannan. A yi musu nasu da malamai mata, da hijabinsu da dogon siket ko wando a ciki, ba sai sun kwana a waje ba a yi musu zangon yini a harabar makaranta. Yarinyar da ta iya tsayar da jini da taimakon wanda ya ƙone ko yaron da ya shaƙe ai gida guda ta tsare. Sannan lokaci, yawancin Islamiyyu Asabar da Lahadi da safe suna karatu, in kuka sa taro lokacin kun haɗa kanku faɗa da malamai. Alhamis da yamma ta fi tunda ba karatu.

Malama Tarauni:
Akwai Girl Guides ai Maman Sadik, takwarar sikawut ta 'yan mata, sai a nemi shugabanninsu na jiha a ji ko za su shigo, kar a yi abu biyu a kan yara ɗaya.

Alhaji Kantin Kwari:
Ni batun kuɗi zan yi. Yadi ya yi tsada ɗinki ya yi tsada, uba mai 'ya'ya takwas ba zai ɗinka kaki da hula da bel da takalmi don lamba ba, kuma yaran da muka fi so su shigo su ne waɗanda ba su da shi. A fara da ƙyallen wuya kawai a kan farar riga, lambar a ɗinka a jikin ƙyallen, kaki ya biyo baya a hankali. Rundunar farko da aka buɗe ni zan ba da yadin ƙyallen in sha Allah. Kuma ku tuna da almajirai, Alhamis da Juma'a ba su da karatu suna gari suna yawo, in alaramma ya yarda ba wanda ya fi su juriya da sanin hanya.

Ɗan Agaji Fagge:
In almajirai za a sa to mu za mu iya koyar da taimakon gaggawa kyauta, muna da masu horon. Amma ina nan a kan bakana sai an gaya wa kwamandoji.

Baban Rahila:
Zan yi wa fastonmu da kyaftin ɗin Brigade magana ranar Lahadi. Sai dai ina so in sani, in an zo ba da lambar Kirista da ta Musulmi girmansu ɗaya wajen ɗinkawa ɗaya? Yara suna lura da irin wannan fiye da mu.

Sikawut Gwale:
Girma ɗaya waje ɗaya Baban Rahila, zane ne kawai zai bambanta. Abin da ban da ikon yankewa shi ne a ɗinka sabuwar lamba a kaki, wannan sai da izinin shugabannin ƙungiya na jiha su kuma su kai sama, don haka zan rubuta musu da duk abin da aka faɗa a nan, dokokin Malama a farko. Kafin amsa ta zo ba abin da ya hana a buɗe runduna a fara da yara ko goma sha biyu ne. Malam Liman ko masallacinku zai yarda a gwada a nan?

Liman Ƙarami Sharaɗa:
Ba ni nake yankewa ba, sai babban liman da kwamiti. Suna zama bayan Isha'i ranar Laraba, ka zo da takardar a rubuce da Hausa, ka taho da Abba da kakinsa su gan shi su yi masa tambayoyi da kansu. Ustaz kai ma ka zo don ka ce sai ka gani. Akwai dattijo ɗaya a kwamitin da na san zai tayar da maganar wutar nan, ku shirya masa amsa.

Ustaz Kurna:
In sha Allah zan zo. A turo min daftarin darasin tun ranar Litinin in duba babin tsarki da na jana'iza.